Bara'u da Bangon Ɗakin Surukarsa

Duk Bahaushen da ya taɓa zama shan shayi a Manchester ya san Bara'u, wanda bai gan shi ba ma ya ji muryarsa. Shekararsa ta biyar ke nan yana karatun digirin digirgir a wata jami'a da ke Oxford Road. Digirin dai bai zo hannu ba, amma sunan Dakta tuni ya karɓe ya sa a aljihu. Ba abin da bai iya ba a duniyar nan. Ka ce motarka tana tari, zai ce shi da ya taɓa kwance inji a Kawo da sifana ɗaya. Ka ce haƙorinka na ciwo, zai ce buɗe baki ya gani. Allah dai ya rufa masa asiri da mace mai haƙuri, Zinatu, wadda ta gane tun amarci cewa musu da shi ɓata yawu ne.

To, Zinatu ta shiga watan haihuwa, kuma cikin fari. Mahaifiyarta, Hajiya Ramatu, ta taso takanas daga Zariya don jego, ta sauka a Birmingham, unguwar Aston, gidan babban ɗanta Dakta Muhsin. Shi wannan likita ne na gaske, mai duba marasa lafiya, abin da ke ci wa Bara'u tuwo a ƙwarya ke nan. Kowa ya san haihuwar fari a gida ake yin ta, mace ta yi wankanta gaban uwarta har arba'in. Tunda Zariya ta yi nisa, sai aka ce gidan Muhsin ya zama gida.

Bara'u ya ji abin har cikin ransa. Ba zaman kaɗaici na kwana arba'in ne ya fi damunsa ba. Tun ranar da aka tabbatar da cikin yake ƙiyasta yadda zai karɓi ɗansa da hannunsa, ya yi masa kiran salla a kunne da bakinsa, muryarsa ta zama ta farko da yaron zai ji. Wannan kam ba cika baki ba ne, da gaske yake so. Ita ma Zinatu ta fi son ta haihu a Manchester, inda midwife ɗinta, wato ungozoma, ta san ta, inda ta san wurin da kowace tukunya take.

Ranar Lahadi suka hau jirgin ƙasa suka je gaida Hajiya. Bara'u ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, aka ci aka sha, sannan ya kawo maganar a kaikaice, wai ko Hajiya za ta dawo wurinsu ta yi jegon a can.

Muhsin ya yi dariya. "A flat ɗin nan naku? Haba Malam Bara'u. Ɗakin baƙinku ai sanyinsa ya fi na store ɗin magani. Fari fat, ko kalanda babu."

"Dakta, ai ba a gama shi ba ne. Akwai plan."

"Shekara uku ana plan?"

Ita Hajiya ba ta yi wa surukinta magana kai tsaye, kunya take ji, sai dai ta bi ta kan 'yarta ko da yana zaune a gabanta. Ta dubi Zinatu ta ce, "Auta, faɗa wa mijinki ni ba ni da matsala. In dai akwai ɗaki mai ɗumi, mai tsabta, inda zan shimfiɗa darduma in yi salla, in gasa ki yadda ya kamata, to zan zo. Asabar mai zuwa Muhsin zai kawo ni in gani da idona."

Da Bara'u ya ce to ya yi shiru, da magana ta ƙare. Ɗakin nan bargo biyu da labule kawai yake nema. Amma idonsa ya riga ya sauka kan wani ɗan zane da ke rataye a falon Muhsin, bai fi faɗin faranti ba, bishiya ce mai furanni ja da ruwan ɗorawa, wani likita ɗan Indiya ya ba shi. Hajiya kuwa mayyar kallon finafinan Indiya ce, tun zuwanta take yaba zanen. Ta ce yana tuna mata da adon soron gidan kakanta.

Bara'u ya gyara zama. "Wannan ɗan abin? Ai mu bango guda za mu yi wa Hajiya, daga sama har ƙasa. Da hannuna. Kakana fa shi ya zana rabin sorayen Zariya."

Zinatu ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ya janye ƙafar ya ci gaba da bayani.

Gidan da suke haya a Whalley Range irin tsofaffin manyan gidajen nan ne da aka yanyanka aka yi flat shida. Su suna hawa na biyu. A ƙasansu akwai Celestina, nas ce 'yar Kafanchan, Hausarta ta fi ta wasu Kanawan, bakinta kuma ba ya kwana da magana. A samansu akwai wata dattijuwa 'yar Indiya, Madam Kalpana, mai koyar da zanen gargajiyarsu a wani zauren unguwa. Litinin da safe Bara'u ya ƙwanƙwasa mata ƙofa.

Matar nan ta ji daɗi ƙwarai. Ta baje masa littattafai, ta ce iri uku za ta nuna masa ya zaɓa. Na farko Madhubani, na yankinsu, launi ko'ina ba a barin fili, ga kifi, ga dawisu, ga mutane masu manyan idanu. Na biyu Gond, dabbobi da itatuwa da ake cikawa da ɗigo-ɗigo dubbai. Na uku Warli, fararen mutane 'yan sirara suna rawa a da'ira a kan jan bango, kowane mutum kusurwa uku biyu ne da ɗan kai a sama.

Ya ɗauko littattafan ya sauko da su wurin Zinatu, wai shawara. Shawara a wurin Bara'u kuwa ita ce ya yi magana ka saurara.

"Wannan mai idanun ya fita," in ji shi. "Hajiya ta idar da salla ta ga kifi ya zuba mata ido? Mala'iku ma ba za su shigo ba."

"Mai ɗigon fa? A yi bishiya kawai, ba dabba."

"Ke kin san ɗigo nawa ne a nan? Ni ɗalibin bincike ne, ba mai tsintar gero ba. Warli za a yi. Ba ido, ba hanci, ba baki."

"Amma ai mutane ne, Dakta. Ga kawunansu nan."

Ya shafa gemu, sai ga fatawa ta fito. "Hoto ai kai ne. In ba kai, ba hoto. Za a yi su ba kai."

Zinatu ta dafa cikinta ta ce Allah ya kyauta.

Madam Kalpana ta ba shi shawara irin ta mai hankali. Ta ce ya sayi yadi mai kauri da fenti, ita za ta zana masa cikin kwana biyu, ya rataye, in sun tashi su naɗe abinsu. Kuskuren da ta yi shi ne da ta ƙara da tarihi. Ta ce a ƙauyukan da aka gaji zanen, bango ake shafewa da ƙasa da kashin shanu, sannan a dama garin shinkafa, a tauna bakin kara ya zama buroshi.

Bara'u ya miƙe tsaye. "Yaɓe! Madam, wannan ai yaɓe ne! Namu ne, daga wurinmu kuka gani. Ki riƙe yadinki. Na asali za a yi."

"Mista Bara'u, can akwai rana," in ji ta. "Nan Manchester ce, kuma Nuwamba muke."

"Rana a zuciya take, Madam."

Da maganar kashin ta iso kunnen Zinatu, ta ajiye cokali. "Kashi? A ɗakin da Hajiya za ta yi salla?"

"Kin ga illar rashin karatu. A mazhabar Malik, duk dabbar da ake cin namanta, kashinta mai tsarki ne. Saniya fa! Kakanninmu a kan daɓen kashin shanu suka yi ta salla har suka koma ga Allah."

Nan kam ya faɗi gaskiya, sai ta ɗauki cokalinta ta ƙyale shi.

Talata ya shiga bas ya fita bayan gari, inda wani ya ce masa akwai gonar da ke ba da taki kyauta. Ya tarar da tsibi guda a bakin shinge yana tururi. Ba kowa a wurin sai wani doki sanye da bargo, yana kallonsa ta saman shinge. Bara'u ya ce a ransa, Turawa da gata, har doki da rigar sanyi, shanun kuwa sun tafi kiwo. Bai nemi mai gona ba, bai tambayi kowa ba. Mutumin da ya taso cikin shanu, a faɗarsa, me zai tambaya? Ya cika buhu biyu ya jawo su zuwa tasha.

Bas ɗin dawowa cike yake da 'yan makaranta da tsofaffi. Kafin a yi tasha uku, kujeru takwas da ke kewaye da shi sun zama nasa shi kaɗai. Wata tsohuwa ta buɗe taga duk da ruwan da ake yi. Direba ya leƙo ta madubi ya tambaya ko wani abu ne ya mutu a buhun. Bara'u ya ce kayan fasaha ne.

Ƙasa kuwa bayan gida ya haƙo, baƙa mai danƙo, ya ƙara da garin jar ƙasa da Madam Kalpana ta ba shi tana girgiza kai. Sai maganar wurin kwaɓi. Magina a gida fili suke samu su tattaka da ƙafa. A hawa na biyu ba fili sai bahon wanka. Ya juye komai a ciki, ya sake ruwa, ya naɗe wando, ya shiga yana tattakawa yana waƙar magina da shi ya ƙirƙire ta a wurin.

Bayan awa ɗaya aka buga ƙofa kamar za a ɓalle ta. Celestina ce, da kayan aiki a jikinta, da wani baƙin ɗigo a kafaɗa.

"Oga Bara'u, mene ne ke zubo mini daga silin?"

"Wataƙila ruwan sama ne, Sista."

"Ruwan sama mai ciyawa? A kan uniform ɗina?" Ta ja hanci, ta leƙa, ta ga ƙafafunsa. "Yesu! Zinatu, mijinki ya buɗe turke ne a bathroom?"

"Al'ada ce, Sista. Ba za ki gane ba."

"Ni ba zan gane kashi ba? Shekara goma sha biyu ina aikin ward! Wallahi in ka kai Juma'a da wannan abin, council, hukumar gari, zan kira."

Laraba ya yaɓe bangon. Bai kankare takardar adon da ke jiki ba, wai za ta ƙara riƙo. Ya yi ta mara da hannu yana lailayawa, kaurin yatsa uku, daga sama har ƙasa. Gaskiya a faɗe ta, da ya gama abin ya yi kyan gani daga nesa, in ka toshe hanci. Ya ɗauki hoto ya tura dandalin Hausawan Manchester na waya, ya rubuta cewa ana gayyatar kowa ranar Asabar bayan azahar, bikin buɗe bangon Warli na farko a arewacin Ingila.

Madam Kalpana ta sauko ta taɓa bangon da yatsa, yatsan ya nutse. Ta ce kada ya kuskura ya sa fari sai ya bushe ƙarau, ko da zai kai wata guda.

"Madam, mu a wurinmu cewa ake, tun ran gini tun ran zane. Maginin ƙwarai da ɗanyen yaɓe yake ado."

"Wannan zanen tono ne, naku. Wannan na shafawa ne."

"Duk zane ne."

Ya jiƙa shinkafar tuwon da Zinatu ta ɓoye don Hajiya, ya markaɗa a blender, ya tauna sabon asuwaki ya zama buroshi. Ya zana mutum arba'in a da'ira, wai kowace ranar jego da mutum ɗaya, kowa ya riƙe hannun ɗan'uwansa, ba mai kai ko ɗaya. Kafin la'asar farin ya fara bin danshi yana gangarowa. Ƙafafun masu rawa suka yi tsawo har ƙasa, wuyansu kuwa ya tsaya dungu-dungu.

Zinatu ta tsaya a bakin ƙofa da gyale a hanci. "Dakta, waɗannan rawa suke ko yanka su aka yi?"

"Idon fasaha ba kowa gare shi ba."

Alhamis bango bai bushe ba. Ina zai bushe, sama ta ƙi ɗauke ruwa tun Lahadi? Bara'u ya ce tunda rana ta ƙi zuwa, shi zai yi rana. Ya rufe tagogi, ya toshe ƙasan ƙofa da tawul, ya ƙure heating har ƙarshe, ya ƙara da na'urar busar gashin Zinatu. Kai jama'a! Abin da sanyi ya rufa wa asiri, zafi ya tona. Wari ya bi bututu, ya bi matakala, ya gaida kowane flat. Mai kawo wasiƙa ya ajiye na gidan gaba ɗaya a bakin titi ya wuce. Zinatu ta yi amai sau biyu, Celestina ta hauro ta kama hannunta ta sauke ta ɗakinta, tana cewa ba za a kashe mata patient a gabanta ba.

Juma'a da safe sai ga ƙananan ƙudaje, a Nuwamba, lokacin da ko ƙuda ɗaya ba a gani a garin. Ta kusurwar taga kuma wasu 'yan fararen lemomin kwaɗi sun tsiro, uku a jere. Farin shinkafar ya yi gashi kore-kore.

Zinatu ta hauro ta same shi yana tsinke su. Ta yi magana a hankali, ba faɗa. "Don Allah ka rufe ɗakin nan da makulli. Mu ba Hajiya namu ɗakin, mu mu koma falo. Ni wallahi ba bango nake so ba. So nake in na haihu in buɗe ido in gan ka."

Maganar ta taɓa shi. Da a ce bai tura gayyata ba, wataƙila da ya ji. Amma ya tuna mutum talatin da suka ce za su zo, ya tuna dariyar Muhsin.

"Ki bar mini. Gobe za ki yi alfahari da ni."

Asabar ya nemo sabon zanen gado fari, ya lulluɓe bangon, ya danna shi cikin yaɓen da ƙananan ƙusoshi daga sama don ya zauna. Sai maganar wari. Ya ɗauko turaren wutan da Hajiya ta aiko wa Zinatu na jego, kwalba guda. Ya hura gawayi a kasko biyu da murfin tukunya ɗaya, ya juye rabin kwalbar, ya ja ƙofa.

Baƙi suka fara zuwa, ɗalibai da iyalansu, kowa ya shigo sai ya yi sallama ya haɗiye sauran numfashinsa. Motar Muhsin ta tsaya a ƙofar gida daidai lokacin da ƙararrawar gobara ta gidan gaba ɗaya ta ɗauki kuka. Flat shida suka fito. Wani Bature da tawul a ƙugu, wata da kyanwa a hannu, Madam Kalpana da ludayi. Hajiya Ramatu ta hau matakala cikin hayaƙi da ihun ƙararrawa, tana riƙe da carbi, tana salati.

"Ba gobara ba ce!" Bara'u yake ta faɗa da Hausa da Turanci. "Turare ne! Ku hauro ma ku gani, an zo daidai!"

Suka kuwa hauro, don ba wanda zai ji wannan wari kwana uku ya ƙi ganin uwarsa. Aka kashe ƙararrawa, aka buɗe taga, ɗaki ya cika har matakala. Bara'u ya gyara babbar rigarsa, ya tsaya gaban zanen gadon. Ya yi jawabi a kan daɗaɗɗiyar alaƙar Indiya da ƙasar Hausa. Ya bayyana dalilin da ya sa ya ƙi Madhubani, ya ƙi Gond. Ya ambaci kakansa sau huɗu.

"Malam Bara'u, a taƙaita," in ji Muhsin. "Akwai mai ciki a nan, kuma iskar ba ta da yawa."

"Gani ya kori ji, Dakta. Bismillah!"

Ya kama gefen zanen ya fizga da ƙarfi irin na masu buɗe allon gwamna.

Zanen ya taho. Yaɓen ya biyo shi. Takardar bangon da ta sha ruwa kwana uku ta saki gaba ɗaya, ta taho da kayanta kamar an ɗaye fatar rago. Wani nauyi ya kifo a kan Bara'u, tim! Ya zauna daɓas a ƙasa, daga hula har gwiwa ba a ganin komai sai ƙasa da ciyawa. A ƙirjinsa ga mutum uku marasa kai, har yanzu suna riƙe da hannun juna.

Sai Celestina ta ce, "To, ga na arba'in da ɗaya, shi da kansa." Aka fashe. Baturen mai tawul har da riƙe ƙofa. Madam Kalpana ta rufe fuska da ludayi tana cewa ta faɗa masa, ta faɗa masa.

Bara'u ya share baki, ya tofar, bai karaya ba. "Wannan gwaji ne. Matsalar daga takardar Turawa ce. In aka sake..."

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta sunkuya ta ɗauki wani ɗan dunƙule da ya gangaro gaban takalminta, ta murje shi da yatsu, ta duba, ta kai kusa da hanci. Mace ce da ta girma a gidan da ke da turken shanu da na dawaki, ta yi daɓe da hannunta tun tana budurwa.

"Auta," ta ce, "tambayi mijinki, da me ya yi kwaɓin nan?"

"Kashin shanu ne, Hajiya," in ji Bara'u daga ƙasa. "Mai tsarki. A mazhabar Malik, duk dabbar da ake cin..."

"Auta, tambayi mijinki, a garinsu ana cin doki?"

Dokin nan mai bargo ya faɗo wa Bara'u a rai, da irin kallon da ya yi masa ta saman shinge.

"Na saniya laushi gare shi, ba ya dunƙulewa," in ji Hajiya, tana nuna wa 'yarta tafin hannu. "Wannan kuwa ga ciyawa nan ko narkewa ba ta yi ba. Najasa ce tsagwaronta. Ita ya shafe ɗakin da zan yi salla da ita, ita ya tattaka a bahon da zan yi miki wanka." Ta juya wajen ƙofa, sannan ta tsaya. "Kuma ki faɗa masa na san kakansa, Allah ya jiƙansa. Mutumin kirki ne. Goro yake sayarwa a bakin kasuwa, ko akurkin kaza bai taɓa ginawa ba. A ba ni ruwa a buta, a waje zan wanke hannuna. Muhsin, ɗauko akwatinta."

Zinatu ta haɗa kayan jariri da ta jera a kwaba tun wata biyu, tana yi tana share ido. Da za ta fita ta tsaya a kansa, yana zaune cikin ɓaraguzan bangonsa.

"Bargo biyu da labule, Dakta," ta ce. "Shi ke nan fa abin da ake nema."

Mota ta tashi, baƙi suka watse, kowa da abin da zai ba da labari har shekara. Mai gidan hayar ya aiko cewa a mayar masa da ɗaki yadda yake kafin Laraba. Hajiya ma ta aiko ta bakin Zinatu, cewa kada ya tako Aston sai ya wanke gidan da jikinsa, tunda jariri zai ɗauka. Bara'u ya lissafa, saura kwana goma sha biyu a ranar da likitoci suka ba da. Ya ce akwai lokaci, shi da ya san lissafin haihuwa kamar tafin hannunsa.

Talata da hantsi yana tsugune da safar hannu ta roba, yana kankare ƙasan bango da wuƙar fenti, wayarsa ta yi ƙara. Ya jingina ta a jikin bokiti ya danna da gwiwar hannu. Fuskar Hajiya ce ta cika allon, tana murmushi, karo na farko ta dube shi ido da ido.

"Malam Bara'u, an sauka lafiya. Mace ce. Naƙudar ba ta yi awa uku ba."

Ya ajiye wuƙar fentin, ya matso kusa da allon. Wayar ta juya. Ga Zinatu a kan gadon asibiti, a gajiye, tana ɗaga masa yatsu. Ga wata 'yar mitsitsiyar halitta a cikin farin tawul, a hannun Muhsin.

"Ku jira ni," ya ce. "Yanzu zan hau jirgi. Awa biyu kawai, ku jira ni in yi mata..."

"Ba a jinkirta wannan, Malam Bara'u," in ji Hajiya, a hankali. "Kawunta na nan."

Muhsin ya sunkuyar da kai, ya kai baki kusa da ɗan kunnen dama, ya fara kiran salla ƙasa-ƙasa. Bara'u ya ji kowace kalma ta fito tar daga jikin bokiti. Leɓensa na bi, ba sauti. Idonsa ya cika, ya ɗaga hannu zai share, sai ya ga abin da ke jikin safar.

Ya mayar da hannun ƙasa, ya bar hawayen suka bi gemu.